Waken da Ba Ya Bin Wata

Zaliha matar Makau ba ta da suna a Gummi sai a bakin masu cin ƙuli-ƙuli. Shekara talatin da 'yan kai tana soya gyaɗa a gida ɗaya, a lungu ɗaya, ta kai inji, ta dawo ta matse mai, ta murza tunkuza ta jefa a kasko. 'Ya'ya shida ta haifa, huɗu suka rayu, kuma da wannan kaskon aka yi musu sutura. Ba ta da yawan magana. Sai dai tana da wata ɗabi'a da mijinta ya yi faɗa a kai har ya gaji ya bari: tana cikin aiki sai hannunta ya tsaya cak, idonta na kan wuta amma ita ba ta nan. Makau kan leƙo daga zaure ya ce, “To, an tahi Anka ke nan. In kin dawo ki ba ni ruwan alwala.”

Bai yi ƙarya ba, can take zuwa. A wani ɗan ƙauye na ƙasar Anka aka haife ta, kuma mahaifiyarta, wadda yaro da babba ke kira Inna, tana da wani irin wake da ba kowa ke da shi ba. 'Yan ƙanana ne, jajaye, da farin ido. Busasshensa ba abin a zo a gani ba ne. Daɗinsa na ga kwasfa. Waken da kowa ya sani, in aka tsinke shi ɗanye, sai dai a dafa a ɓare a ci ƙwaya a yar da ɓawo, don kwasfar na da kauri da zare. Na Inna kuwa, in an tsinke shi kafin ƙwaya ta cika, da kwasfarsa ake ci gaba ɗaya, laushi kamar 'yar kuɓewa, amma ba yauƙi. Ba wanda ya san inda ta samo shi. Yau ta ce wata Bafulatana mai tallan nono ce ta ba ta, gobe ta ce a cikin kayan aurenta ta tsince shi. Mutane suka bar tambaya, suka riƙa ce masa waken Inna.

Shekarar da Zaliha ta cika sha biyu, Babbar Sallah ta faɗo daidai farkon kaka. Gero ya sunkuyar da kai, waken da aka shuka a ƙarƙashinsa ya zuba 'ya'ya. Da sassafe, kafin maza su fita Idi, Inna ta ɗauki ƙwarya ta ce mata ta biyo ta. Raɓa ta jiƙa musu zane har gwiwa. Suka tsinko, suka dawo, suka zauna a gindin rumbu. Inna ba ta sa masa wuƙa, da farce take cire kai da gindi, wai ƙarfe na baƙanta shi. Da aka yanka rago aka kafe shi a gefen wuta, don ranar Sallah ba a taɓa tsoka sai kayan ciki, sai ta tafasa ruwa, ta jefa kanwa kamar ƙwayar dawa, ta zuba waken. Ba ta da agogo. Fatiha take karantawa ƙafa bakwai, a hankali, ta sauke. Ta tsane shi a kwando, ta watsa dakakken ƙuli da albasa da barkono da gishiri, sannan ta ɗebo cokali biyu na man da ya narke daga kitsen ragon ta zuba a kai, ta juya da hannu. Aka ci da hanta mai zafi.

Abin da ya zauna wa Zaliha ba ɗanɗanon kaɗai ba ne. Tururin ne, da yadda ya tashi daga kwandon ya rufe fuskar Inna har sai muryarta kawai ake ji tana cewa a kawo gishiri.

Sallah uku aka yi haka a jere. Ta huɗu ta zo wake na fure, ta biyar ta zo ko furen bai yi ba. Zaliha ta tambaya, Inna ta ce, “Sallah baƙuwa ta, wata taka bi. Wake ɗan gida na. Ran da ta zagayo ta iske shi, sai mu sake yi mata.”

Da aka kawo Zaliha Gummi tana amarya, cikin kayan ɗakinta akwai wata 'yar gora da aka cika da irin waken, aka rufe bakinta da toka saboda ƙwari. Kowace damina tana shuka shi a ƙarƙashin geron Makau, a gonarsa ta hanyar Bukkuyum, kowace kaka ta yi kwaɗonsa da man gyaɗa, ta ajiye iri. Ana ci ana santi, amma ita ta san ba shi ba ne, tunda ba ragon. Sallah kuwa ta yi ta tafiyarta kamar makiyayi: ta ratsa damina, ta shiga bazara, ta faɗa sanyi, shekara da shekara tana matsowa da kwana goma. Sai da ta ci shekara talatin da uku kafin ta sake isko kaka. Inna ba ta jira ba, saura shekara biyu Allah ya karɓi abarsa. Ranar wannan Sallar da ta zagayo, Zaliha ce ta ɗauki ƙwarya, autarta Ummukulsum mai shekara sha ɗaya ta bi ta a baya.

A can ƙauyensu irin ya riga ya ɓace. Tun shekarar da gubar dalma ta shiga gidaje ta ɗebi yara, aka zo aka kankare ƙasar tsakar gidan yayyenta aka kwashe, mazan gidan suka watse, wasu haƙar zinari, wasu birni, ba wanda ya ƙara tuna wani wake. Sai na Gummi ya rage. Shi ma daga baya hanyar gonar Makau ta daina biyuwa saboda 'yan bindiga, mutane suka janye zuwa gonakin bakin gari. Damina uku ba a shuka ba. Abin da ke cikin gorar bai wuce ludayi ɗaya ba, kuma iri ba ya son daɗewa a duhu. Zaliha ta san bana ko ya shiga ƙasa ko ya mutu. Har wata maƙwabciya ta yi mata alkawarin ɗan wuri a gonarta ta bayan gari in ruwa ya sauka.

Ana cikin azumi Ummukulsum ta bugo waya daga Gusau, inda take aure. Cikinta na fari ne, kuma an shirya za ta dawo gida goyon ciki kafin Babbar Sallah. Bayan gaisuwa da tambayar jiki, sai ta yi ƙasa da murya. Ita ma Inna take ce wa tata uwar.

“Inna, kin tuna wani kwaɗo da kika yi mana da Sallah, ina ƙarama? Mai kore-koren nan.”

“Kwaɗo nawa na yi maku a duniya, Auta?”

“Na waken Inna. Kwana uku ke nan shi nake mafarki. Komai na ci sai ya dawo, amma in na tuna shi sai zuciyata ta kwanta. Akwai shi?”

Zaliha ta dubi gorar da ke rataye a ƙusa, a bayan ƙofa. Ta ce, “Allah shi kai mu.”

Duk wanda ya san Zaliha ya san wannan a bakinta alkawari ne.

Sai ta zauna ta yi lissafi da yatsu. Tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba kwana saba'in ne. Waken nan, daga shuka zuwa tsinka, a gonar Makau bai taɓa wuce kwana sittin da biyar ba. Ruwan sama ne kawai babu, ruwa kuwa ga shi can a gulbi. Lissafi ya fita har da rarar kwana biyar.

Washegarin Ƙaramar Sallah ta yafa gyale ta gangara bakin gulbi, lambun Tasi'u. Ƙanin Makau ne, ciki ɗaya, mutum mai shekara arba'in da wani abu, mai albasa da tattasai da injin ban ruwa. Tun tana amarya suke wasa, har yau bai daina ba.

“A'a, yau matata da kanta? Kin gaji da tsohon ke nan, kin zaka wurin mai jini a jika.”

“Mai jini a jika da hurhura har gemu. Wuri nika so, fangali biyu, waɗancan na gefen tudu kusa da gwaba.”

“Mi za ki shibka?”

“Wake.”

“Da wagga rana?” Ya dubi sama, ya dube ta. “To, ƙasa ta Allah ta, ruwa na gulbi na. Ni dai ladana a cika min akushi.”

Makau bai hana ba, amma da ya ga ta sauke gorar ya tsaya a bakin ƙofa. “Ni dai ban taɓa ganin an shibka waken gero da bazara ba.”

“Ba ka taɓa ganin an ba shi ruwan inji ba dai, Malam.”

“Shi ke nan irin da ya rage miki hwa.”

Ta san da haka. Ta yi tunanin ta raba biyu, amma da ta zazzage shi a faifai ta busa tokar, sai ta ga rabi ya yamutse, wasu ƙwari sun huda. In ta raba, wataƙila ta shuka matattun ta ajiye matattun. Ta kwashe duka. Cikin ludayi guda, goma sha tara suka fito.

Amma fa da suka fito, sai suka fito da ƙarfinsu. Ko a gonar Makau ba ta taɓa ganin ganye irin wannan ba, faffaɗa, kore shar, yana yaɗo yana tsallake fangali yana shiga cikin albasar Tasi'u. Kullum da safe, kafin ta ɗora kasko, sai ta gangara. Lokacin gulbi ya janye ya bar yashi fari, ruwan na bin gefe ɗaya siriri, shanu na tsallakawa ba ya kai musu gwiwa. Takan zauna a inuwar gwabar ta ji injin na bugawa, ruwa na shiga fangali yana wata 'yar ƙara kamar ana raɗa. A nan hannunta kan tsaya. Sai ta ga gero a inda babu gero. Sai ta ga bayan wata mata a sunkuye, da ƙwarya a gefenta, ba ta juyowa. Zaliha ba ta taɓa kiranta ba, don ta san in ta yi magana injin kawai za ta ji.

Kwana arba'in, ba fure. Ta ce ai da saura. Kwana hamsin, ta fara ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya tana leƙa ƙarƙashi kamar mai neman allura. Tasi'u ya ce ruwa ne ya yi masa yawa, ɗan gata ba ya haihuwa da wuri. Suka rage ruwa. Ya ce a tsinke kawunan yaɗon don ya ji zafi ya tuna da aikinsa. Suka tsinke. Waken ya ƙara fitar da sabon ganye, kamar ma daɗi ya ji.

Rana ta sittin Makau ya biyo ta. Ya zagaya fangalin biyu hannu a baya, ya tsuguna, ya murza ganye ya sansana.

“Kin tuna shekarar da ruwa ya yi jinkiri, munka shibka shi a makare da kusan wata guda?”

“Na tuna.”

“Yaushe ya yi hure?”

“Tare da na kowa.”

“Shekarar da munka yi sammako hwa, tun ruwan hwari?”

“Tare da na kowa.”

“To kin gani. Wanga wake ba kwana yaka ƙirga ba. Rana yaka kallo. Sai yini ya hwara gajarta, raɓa ta sauka, sannan shi yarda. Mu ne kullum muka shibka shi lokaci guda, sai munka ɗauka kwana sittin da biyar na.”

Zaliha ta zauna a kan tudun. Shekara arba'in tana tare da abin nan, kuma ta sani, ba ta dai taɓa sanin ta sani ba. Yanzu ga yini na ƙara tsawo. Waken ba zai yi fure ba sai nan da wata huɗu. Lambun Tasi'u kuwa ba ya kai wata huɗu: da an gama Sallah yake kaftar fadamar ya dasa shinkafa, kuma in damina ta yi tsakiya gulbi kan cika ya hau har gindin gwabar. Ta dubi ganyen da ke rawa a iska, lafiya lau, ba abin da ya dame shi.

Makau ya miƙe ya karkaɗe riga. “Tashi mu tahi. Gyaɗarki na jira.”

Saura mako guda Sallah aka kawo Ummukulsum, ciki ya tsufa, ƙafafu sun kumbura. Ba ta tambayi waken ba, Zaliha ma ba ta tayar da maganarsa ba. Ranar jajibere da la'asar sai ga Tasi'u da baƙar leda, ya ajiye a bakin murhu.

“Ga na 'yan boko. Wurin masu kayan gwari na samo shi, daga Jos aka kawo. Da kwasfa su ma suka cin nasu, cikin shinkahwa.”

Ta buɗe. Dogaye ne, masu ƙiba, sumul kamar an goge su da mai. Ta karya ɗaya ta sansana. Ba ya ƙamshin komai sai leda.

“Ka kyauta,” in ji ta. Kuma har cikin zuciyarta ta faɗi haka.

Da safiyar Sallah, maza na shirin Idi, ta ɗauki ƙwarya ta gangara lambu ita kaɗai. Ta tsinko ganyen waken Inna, 'yan matasan da ke kan yaɗo, biyu daga wannan uku daga wancan, don kada a ji wa kowane ciwo. Da ta dawo ta zauna ta cire wa na Jos kai da gindi da farce. Aka sauko Idi, aka yanka rago, aka kafe shi a gefen wuta, hayaƙi ya cika lungun tare da na maƙwabta. Ta tafasa ruwa, ta jefa kanwa, ta zuba. Fatiha ƙafa bakwai ta ɗauko ɗaya ta tauna, yana ƙara a haƙori kamar ɗanyen rake. Ta ƙara bakwai. Sannan ya sauko. Ganyen kuwa ƙafa uku ya ishe shi, ta matse shi da hannu. Akushi biyu ta yi, kowane da ƙulinsa da albasarsa da barkononsa, kowane da cokali biyu na man kitsen rago. Ta soya hanta da ƙoda ta zuba a faranti, ta kai wa maza nasu zaure, ta shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki ita da Auta.

Ummukulsum ta fara da akushin kwasfa. Ta ci loma ɗaya, ta ci biyu.

“Ya yi daɗi, Inna.”

“Uhm.”

“Wallahi ya yi daɗi.”

“Wa ya ce ki rantse?”

Ummukulsum ta yi 'yar dariya, ta kai hannu ɗaya akushin. Ta sa a baki, ta daina tauna. Ta daɗe haka, idonta a kan katanga.

“Wannan na mene ne?”

“Ganye na.”

“Ya fi kusa. Ba shi ba ne, amma kamar ka ji muryar wanda ka sani a bayan katanga.” Ta jawo akushin gabanta, ba ta sake waiwayar ɗayan ba.

Sai ga Tasi'u ya shigo da nasa akushin wayam, yana suɗe yatsa. “Uwargida, a ƙaro. Tsohon naki ya cinye rabona yana cewa bai da haƙora.” Ya ga abin da Ummukulsum ke ci. “A'a, ɗiyata, ci da kyau. Wanga ganye da kika gani tsada gare shi. Duk irin da ke gidan ga uwarki ta zuba a lambuna saboda ke, ko ƙwara ba ta bari ba.”

Zaliha ta ɗago ta dube shi. Ya gane ya yi ɓaranɓarama, ya ɗauki akushin na Jos gaba ɗaya ya fice.

“Inna, gaskiya ne?”

“Ci abincinki.”

“In bai yi 'ya'ya ba fa? Shi ke nan ya ƙare?”

“In Allah ya so.”

“Don ni kika yi haka? Magana ce fa kawai ta mai ciki.”

“Don ke?” Zaliha ta ɗauki hanta ta gutsura. “Ke kaɗai ke da baki? Ni ma kwaɗayin nika yi.”

Bayan Sallah da kwana huɗu Tasi'u ya shiga fadama da garma. Fangalin ƙasa ya tafi, da wake goma sha biyu a cikinsa, ba yadda za a yi. Na sama ya zagaye shi ya bari, ko da yake wurin ya isa buhun shinkafa. Bai ce don me ba, ita ma ba ta yi masa godiya da baki ba, ƙuli dai ya riƙa zuwa gidansa ba a aiko ba. Saura bakwai. Makau ya saro sanduna ya kafa, suka ɗaga yaɗon suka ɗora, suka nuna masa hanyar gwaba, ko ruwa ya zo ya tarar da shi a sama.

Daga nan gidan ya ɗauke ta. Ummukulsum ta sauka lafiya, mace, aka sa mata Khairat. Zaliha ta koma dafa ruwan wankan jego safe da yamma, da dama kunun kanwa, da goyo. Lambu sai bayan kwana uku, sai bayan biyar. Da damina ta kai tsakiya gulbi ya kawo, ya shafe yashin, ya shafe hanyar shanu, ya hau fadama. Kwana tara ba a iya zuwa. A kwanakin nan sau da yawa itacen murhu kan cinye har wuta ta fito waje tana zaune ba ta tura ba. Tana ganin saiwoyi a cikin jan ruwa, tana ganin 'yan kifi na shiga tsakanin sanduna. Makau ya leƙo sau ɗaya, ya buɗe baki zai yi tsokanar da ya saba, ya fasa, ya je ya ɗebi ruwan alwalarsa da kansa.

Da ruwa ya janye ta tafi, taɓo har ƙauri. Biyar sun ruɓe, sun zama baƙin zare a jikin sanda. Biyun da ke kan ɗan tudun gindin gwaba suna nan, ganyen ƙasa ya yi rawaya ya zube, amma na sama ya shige cikin rassan gwabar har ba a rarrabe wane ne na wane.

Wata safiya, gero ya fara sunkuyawa a gonakin bakin gari, ta ji sanyin raɓa a ƙafarta tun daga lungu. Da ta isa, ga su nan a cikin ganyen gwaba, 'yan furanni masu ruwan shuni-shuni, a buɗe. Kafin hantsi sun rufe. Ba ta gaya wa kowa ba sai da ta ga sun zama 'ya'ya.

Ranar da mijin Ummukulsum zai zo ɗaukarta, bayan ta yi kusan wata uku da haihuwa, Zaliha ta ce ta goya jaririyar ta raka ta wani wuri. Suka gangara. Shinkafar Tasi'u ta yi kai, shi kuma yana can tsakiya yana korar tsuntsaye. A gindin gwaba Zaliha ta ɗaga reshe. Kwasfa ne sirara, kore, suna reto. Ta ƙirga a bayyane: ashirin da uku. Yau ne daidai tsinkarsu, jibi sun yi tauri. In an tsinke za su cika ɗan ƙaramin akushi, a ci loma huɗu. In an bar su su bushe, kowace na da ƙwaya goma ko fiye.

“Inna, ki bar su.”

“Na ce zan tsinka?”

“Hannunki na gani.”

Zaliha ta janye hannun. Ta sake bin su da ido, a hankali, har ta sami wata 'yar lanƙwasasshiya da tsutsa ta taɓa wa gindi, wadda ba za ta yi iri ba. Ta tsinke ta, ta cire inda tsutsar ta ci, ta karya biyu, ta miƙa wa 'yarta rabi. Suka tsaya cikin taɓo suna tauna.

“Ba gishiri,” in ji Ummukulsum.

“Ba ƙuli.”

“Ba rago.” Ta haɗiye, ta lumshe ido. “Amma shi ne. Yaushe Sallah za ta sake zuwa lokacinsa?”

“Babanki ya ce shekara ashirin da biyu.”

Ummukulsum ta buɗe ido ta dubi uwarta, ta fara lissafi a zuci, ta bari. Ta gyara goyonta.

Daga cikin shinkafa Tasi'u ya ɗaga murya. “Uwargida, in awaki sunka shigo sunka cinye hwa? Ni ba mai gadi ba na.”

“In sunka cinye, baɗi kai za mu kahe a gefen wuta.”

Ya yi dariya har tsuntsayen suka tashi. Washegari da Zaliha ta zo ta tarar ya kewaye gindin gwabar da ƙaya.

Bayan mako uku kwasfar ta bushe, ta fara ƙara in iska ta taɓa ta. Zaliha ta tsinke ashirin da biyun a cikin gyalenta, ta ɓare su a faifai a tsakar gida. Bai kai ludayi ba, amma duk masu rai ne, jajaye, suna sheƙi. Ta raba biyu. Rabi ta ajiye wa damina. Rabi ta zuba a kwalbar magani da ta wanke, ta cika da toka, ta ba direban motar Gusau, ta ce ya gaya wa Auta kada ta shuka sai ta ga maƙwabta sun shuka nasu.